Sawun 'Yar Aike a Kan Hula

Duk yarinyar da ta shigo min gida da waya a hannu ta ce, "Anti Ummi, koya min ɗinkin hula kafin hutu ya ƙare," abu ɗaya nake yi mata. In miƙa mata farin ƙyalle da allura, in ce ta yi min layi ɗaya miƙaƙƙe daga wannan bakin zuwa wancan. Yawancinsu kafin la'asar sun tuna ana nemansu a gida. A bidiyo kuke ganin abin, an ƙara masa gudu, hula ta fito cikin ƙiftawar ido har da kiɗa. To ku ajiye wayar ku saurara, don ni ba na maimaita magana.

Hular farko da na ɗinka ta yaro ce, kube, shuɗi da fari. A Toranke na yi ta, a tsakar gidan Gwaggo Falmata, yayar babana. Shekarar na gama sakandare a Gaya, sakamako ya fito babu lissafi, aka ce in je in kama wani abu kafin in sake zama. Ban sake zaman ba har yau, wannan wani zancen ne. Gwaggo wajen mahaifiyarta ta koya, ita kuma wajen tata uwar da ta zo daga Barno. Sunan mahaifiyar tata aka sa min, shi ya sa Uwata take ce min.

Na gama ɗinkin jikin hular nan ina ji da kaina, na kai mata. Ko kallon fuskar aikin ba ta yi ba. Ta juya ta ciki, ta shafa da babban yatsa, ta ɗauko reza ta fara farkewa. Na ce, "Gwaggo, wa zai ga ciki?" Ta ce, "Kan yaron zai gani." Ƙulle-ƙulle na bari birjik, irin waɗanda ke sukar fatar kai har mutum ya tuɓe hula a cikin jama'a. Sai da na sake ta daga farko, ina yi ina ƙunƙuni, ita kuwa ko a jikinta.

Kayan aikin ba su da yawa, shi ya sa kuke raina su. Allura, zare, ƙaramin almakashi, reza, sai guntuwar fata da ake naɗewa a yatsa don kada gindin allura ya huda ki. Amma allurar da za ki cike fili da ita daban, wadda za ki yi ƙananan hujin nan da ake zagayewa da zare daban. Ba a sayen zare da yamma, don shuɗi biyu da suka zama ɗaya da magariba, da safe za ki ga ba uwarsu ɗaya ba. Ba a zama aiki da hannun da ya taɓa ƙuli-ƙuli ko man shafawa. Mai cin goro ta yi nesa da tabarma. Daga hantsi zuwa la'asar ake yi, da hasken Allah. Wadda ta ce za ta ƙarasa da fitilar waya, idonta take sayarwa.

Kuma ba ke kaɗai kike yin hula ba. Akwai mai zane, namu Idi ne a kasuwar Ajingi, shi ke fitar da fasali da biro a kan yadi, mu mu bi layinsa da zare. Daga nan mai wanki ya wanke biron, ya sa sitati, ya ɗora ta a kan gungume ya goge har ta tsaya da kanta. In ɗayansu ya yi wasa, sunan mai ɗinki ne ke ɓaci, ba wanda zai tambayi wa ya zana.

Wani ango ne daga Ajingi ya koya min awo. Ya aiko ƙaninsa da zaren da ya zagaya kansa da shi, muka yi masa zanna mai kyau, muka sha wuya a kanta. Ana gobe ɗaurin aure ya je wajen wanzami aka kwashe masa suma tas. Hula ta sauko ta zauna a kan kunnuwansa, sai takarda abokansa suka cusa masa a ciki. Uwarsa ta zo har gida ta wanke mu tas, wai mun mai da ɗanta abin dariya. Daga ranar ban ƙara karɓar awo ba sai na tambaya, da suma ko ba suma? Kuma kafin a haɗa bakin hula a rufe, sai mai ita ya zo da kansa an naɗa masa an gani.

Shekarar kullen korona ce ta karya mu. Mun yi hulunan Sallah tun kafin azumi, mu da 'yan matan da ke zuwa tabarmar Gwaggo, muka jera a akwati muna jiran mai sari daga Kano. Hanya a rufe, bai zo ba. Sallah ta zo ta wuce shiru, ba yawo ba ziyara, wa zai sayi sabuwar hula ya zauna da ita a ɗaki? Da aka buɗe hanya zare ya tashi, ga hulunan inji sun cika kasuwa. Daga nesa ba ka bambancewa, kusa kuwa ba kowa ke dubawa ba. 'Yan matan suka zame ɗaya bayan ɗaya, wannan ta koma ɓarar gyaɗa, waccan suyar awara. Ba wadda ta yi sallama, sai dai ki ga gurbinta a tabarma. Shekara ta zagayo daga ni sai Gwaggo, ita ma idonta ya fara rauni, ni ke zura mata zare a allura.

A lokacin ne ɗan kawuna mai shagon ɗinkin inji a Kano ya aiko cewa akwai wuri in ina so. Ni ba na ɓoye-ɓoye. Na ce wa Gwaggo in kaka ta wuce ba mu sami aikin da zai dawo da yaran nan ba, tafiya zan yi. Ta ce, "Na ji, Uwata." Ta ci gaba da ɗinkinta.

Aikin da ya zo kuwa, ba daga inda kowa ke tsammani ba. A Gaya akwai wasu mutane da gari ke yi wa dariya, ana ce musu 'yan sama-jannatin gindin darbejiya. Babbansu Malam Sani ne, wanda ya koya min kimiyya a sakandare, matattararsu kuma rumfar Auwalu mai cajin waya. Abin da ya haɗa su wata na'ura ce mai taya shida da aka harba duniyar Mars. Tana can tana rarrafawa cikin jan rairayi da duwatsu, tana haƙar dutse, tana ɗaukar hoto tana aikowa, wai a gano ko wani abu mai rai ya taɓa zama a can. Ba mai biyansu, datarsu suke ƙonawa. Sun raɗa mata suna 'Yar Aike. In ta aiko sabon hoto sai Auwalu ya kafa waya a kan benci, a taru ana musu ko wannan dutsen ya fi kama da tozon raƙumi ko da turmin da aka kife. In aka kwana biyu ba labarinta, Malam Sani ya dinga safa da marwa kamar mai majinyaci a asibiti. Auwalu ya ƙera irinta da gwangwanin madara da boris ɗin babur ya rataye a rumfa. Wani mai adaidaita a cikinsu ya sa an zana masa ita a bayan kekensa, daidai inda mutane ke rubuta addu'a.

So suke ranar da za ta cika shekara da sauka su yi walima, kowa da hula iri ɗaya, ɗinkin hannu, da hoton 'Yar Aike a goshi. Su goma sha wani abu ne. Ku da ba ku sani ba, wannan aiki ne da zai cika tabarma har ya yi saura. Ranar da na shiga Gaya sayen zare Malam Sani ya tare ni da maganar, na amsa kafin ya rufe baki.

Na koma Toranke da hoton a wayata, na miƙa wa Gwaggo. Ta kai shi daf da fuskarta ta daɗe.

"Wannan na sama fa?"

"Kamara ce, Gwaggo. Da ita take gani."

"Ido ke nan."

"Gilashi ne."

"A kan dogon wuya, da kai. Ga hannu ma." Ta miƙo min wayar. "Ba na ɗinka abu mai ido a hula. Goshin nan ƙasa yake zuwa sau biyar a rana."

Na yi magana har makogwarona ya bushe, ba ta ko ɗago ba. Na buga wa Malam Sani, shi kuma ya tambayi malamin Islamiyyarsu, aka ce masa ƙarfe ne, ba shi da rai, babu laifi. Ranar Asabar Malam Sani da Auwalu suka hawo babur har Toranke. Na shimfiɗa musu tabarma a soro, Gwaggo ta yafa mayafi ta fito. Malam Sani ya gaishe ta a durƙushe, sannan ya kawo mata abin da malamin ya ce.

Ta ce, "Ai ban ce haramun ba ne, ɗan nan. Cewa na yi hannuna ba ya yi. Wadda ta koya min ba ta yi ba, ni ma ban taɓa ba."

Auwalu ya ce, "Iya, wallahi inji ce, kamar injin markaɗe."

"Injin markaɗen unguwarku, kun raɗa masa suna?"

Auwalu ya sosa ƙeya.

"In ya kwana biyu bai yi ƙara ba, kuna kasa cin tuwo?"

Malam Sani ya yi dariya har da buga cinya. Ya ce, "Ummi, ashe tonon silili kike min a ƙauye."

Ni ban ga abin dariya ba. Na ce, "Gwaggo, in ba za ki yi ba, ni zan yi."

Ta ce, "Yi mana, hannunki ne. Amma ba a tabarmata ba."

Kowa ya gane maganar: in na yi aikin na bar gidan, in ban yi ba Kano ta kira ni. Auwalu ya matso da wayarsa. "Iya, a bar zancen hula. Ki ga garin dai, ki ba da labari."

Ya dinga wuce mata da hotuna da yatsa. Jan fili, duwatsu, wani jan filin. Ta ce kamar faƙon bayan Ajingi da rani, sai dai babu ko sabara. Can ta riƙe masa hannu.

"Tsaya. Wa ya bi ta nan?"

"Ita ce, Iya. Waiwayowa ta yi ta ɗauki inda ta baro."

"Ita da wa?"

Malam Sani ya ce, "Ita kaɗai. Ba mutum, ba dabba, ko ciyawa babu."

Ta sa aka ƙara wa hoton girma. Layi biyu ne a kan rairayi, kowanne da tsaga-tsaga a jere kamar haƙoran mataji. Sun taho, sun lanƙwasa sun kauce wa wani dutse, sun miƙe kuma. Gwaggo ta bi su da farce a kan gilashin.

Ta ce, "Wannan ai zane ne gamamme. Sawu ba shi da ido. In kuna so, shi zan ɗinka muku."

Malam Sani ya ce, "Iya, mutane ba za su gane mene ne ba."

"In sun tambaya sai ku faɗa musu. Na ga bakinku ba ya ciwo."

Haka aka tashi. Amma Gwaggo ta ce ba za ta kira 'ya'yan mutane su bar awararsu ba sai masu aiki sun ga ta farko sun amince. Saboda haka hular Malam Sani ni da ita muka yi. Na kai wa Idi hoton ranar kasuwa, ya zana sawun ya zagaye jikin hular, da 'yan duwatsu nan da can. Launin ƙasar ne ya ba ni wahala. Ja ya yi ja da yawa, ruwan goro ya yi haske, ruwan ƙasa ya yi duhu. Na zagaye masu zare a Gaya har suka fara ɓuya in sun hango ni. Ƙarshe sili biyu muka haɗa a allura ɗaya, ja da ruwan ƙasa, ya fito daidai. Sawun kuma da baƙi-baƙin toka, tsaga bayan tsaga, kowace sai ta yi tsawon 'yar'uwarta. In kin yi ɗaya ta zarce, daga ƙofar masallaci za a hango ta. Ni ke yin tsagar, Gwaggo na cike fili, don shi hannunta ya san hanyarsa ko ido bai taimaka ba.

Ranar gwaji suka sake hawo babur. Jikin hular a buɗe yake kamar ɗamara, ba a haɗa bakin biyu ba. Auwalu ya naɗa wa Malam Sani a ka, ya riƙe ta baya.

"Kai, Malam! Ka ga yadda layin ya haɗu cif a ƙeya? Kamar ba a yanka ba."

Malam Sani ya ce, "Ya haɗu?" Ya zare ta, ya haɗa bakin biyu a hannunsa ya duba. Fuskarsa ta canza, irin canzawar da na sani tun a aji. "A'a. Wannan kuskure ne."

Abin da yake nufi, sawun ya kamata ya fara daga wuri ɗaya, inda ta sauka, ya tafi, ya tsaya a buɗe. Yadda yake a hular, 'Yar Aike ta zagaya ta komo inda ta tashi. Idi kuwa abin da kowane mai zane zai yi ya yi. A wajenmu zanen da bai haɗu a ƙeya ba ɓataccen aiki ne, yaro ma ya sani. Ba wanda ya ce masa wannan daban ne, ni ma ban lura ba, don idona haka aka horar da shi. Gyara kuwa sai an farke an sake zane, kuma in aka yi haka sauran hulunan ba za su riski walima ba. Na san Malam Sani. Mutum ne da zai soke miki amsa sukutum saboda kin manta ɗan ma'auni a ƙarshe. A raina na fara lissafin kayan da zan sa a jaka.

Gwaggo ta ce, "To ina ta nufa, in ba zagayowa za ta yi ba?"

Malam Sani ya ce, "Gaba kawai, Iya. Har ƙarfinta ya ƙare."

"Sannan a je a ɗauko ta."

"Ba mai zuwa."

"Su waɗanda suka aike ta sun san da haka?"

"Tun kafin ta tashi."

Gwaggo ta karɓi aikin daga hannunsa ta shimfiɗa a cinyarta.

"Aka aiki yarinya, ba a yi mata shirin dawowa ba. Ita kuma tana can tana ta aiko musu da saƙo."

"Haka ne, Iya."

"To wannan tsakaninsu da ita ne. A hulata dai gida za ta dawo. In bai yi muku ba ku faɗa, ba a yin dole."

Na ji kamar in toshe mata baki. Malam Sani ya buɗe baki zai yi bayani, Auwalu ya riga shi.

"Malam, ajiye jan biron nan, ba jarrabawa ake ba. Ka bar ta ta dawo mana, ko a ƙeyarmu ne."

Malam Sani ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya daɗe yana gogewa, gilashin da ba abin da ya same shi. Ya mayar. Ya ce, "A rufe ta haka. Sauran ma duka a yi su haka."

Da suka tafi Gwaggo ta zauna rufin ƙeya. Ku sani, duk shekarun da na yi a gidan ban taɓa yin sa ba, ba kuma wata yarinya da ta taɓa. Aikinta ne ita kaɗai, don nan ne zare ke neman ɗan'uwansa sili da sili, in kin kauce da kaurin gashi duk wahalar wata guda ta tashi a banza. Na zura mata zare na ba ta. Ta haɗa bakin biyu, ta kai kusa da ido, ta janye. Ta ja jiki zuwa inda rana ta fi faɗowa. Ta soka allura ta zare, ta sake sokawa ta zare. Ni ina gefe ina tsince guntayen zare kamar ban gani ba.

Ta ce, "Uwata."

"Na'am."

"Zo ki maido da ita gida. Ni ba na ganin hanyar."

Ta tashi daga wajen zamanta, na zauna. Tsaga ta ƙarshe da ta farko suna kallon juna, tsakaninsu bai fi ƙwayar gero ba. Na ja numfashi na soka. Ina cikin yi na jiyo muryarta a bakin soro tana ba maƙwabciya saƙo, a bi gidajen 'yan matan nan a ce musu gobe da hantsi akwai aiki.

Ba duka suka dawo ba, amma tabarma ta cika har sai da muka aro wata. A cikin makon ɗan kawuna ya kira daga Kano, wai yaushe zan taho, inji na jira. Na ce ya ba wani wurin, ina da ƙeya goma sha da zan rufe.